Kada a ƙwace dusar rago a ba tsutsa

A Arewa da wuya ka sami abin da za ka kira sharar gona. Duk wanda ya taɓa sayen damin harawa a watan Afrilu, ko buhun kowar wake ana saura mako biyu Babbar Sallah, ya san haka. Karan dawa danga ne, makamashi ne, abincin shanu ne. Dusa tana da farashinta a kowace kasuwa, kuma tana hawa tana sauka tare da masara. Shi ya sa maganar da ake yawan yi wajen tallata kiwon tsutsa, cewa abincinta kyauta ne tunda ragowar amfanin gona take ci, take bukatar a tsaya a tace ta. Ina goyon bayan wannan sana'a, ina kuma so ta kafu a garuruwanmu. Amma idan aka dasa ta a kan dusa, ba za ta yi ƙarko ba, kuma kafin ta mutu sai ta tsauwala wa mai kiwon tumaki da mai kaji.

Tsutsotsin da ake kiwo don ci ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsutsar bishiyar manja, fara sol mai kitse, wadda ake tsirewa a tsinke ana sayarwa a bakin hanya a Delta da Bayelsa, mutanen Ghana kuma suna kiranta akokono. Akwai tsutsar gari, wadda Tarayyar Turai ta amince a sayar wa mutane a matsayin abinci a 2021. Sai tsutsar baƙin ƙudan soja, wani ƙuda mai kama da zanzaro wanda ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya kuma bin kwanon abinci. Ita wannan galibi ba mutum ke cinta kai tsaye ba. Kaza da zabuwa da tarwaɗa ke ci, mu kuma mu ci su. Cin ƙwari ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ga soyayyiyar fara da yaji a Maiduguri da Kano da Maraɗi, ga shinge a farkon damina, ga manoman da tun kaka da kakanni suke kifa tukunya cike da kara da kashin shanu a bakin suri don su tara wa 'ya'yan zabi gara. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2013, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2 ne ke cin ƙwari, iri fiye da 1,900. Abin da yake sabo shi ne kiwon, da kuma tambayar me za a zuba musu.

Lissafin ba shi da wuya. Dusar alkama tana ɗauke da furotin kusan kashi 15 cikin ɗari, wato giram 150 a kilo guda. Idan ka jiƙa kilon nan ka ba tsutsar ƙudan soja, aiki ya yi kyau, za ka kwashi busasshiyar tsutsa wajen giram 200. Furotin ɗinta kusan kashi 40 ne, wato giram 80. Ka zuba 150, ka kwashi 80. Gaskiya ne furotin ɗin tsutsa ya fi na dusa inganci, ga kitse a kai, kuma kaza ta fi iya sarrafa shi. Duk da haka kusan rabi ya tafi, ga wahalar mako biyu, ga kuɗin akwatuna da raga. Rago da saniya da ma sun iya juya dusa ta zama nama da madara ba tare da wani ɗan tsakiya ba. Tsutsar gari ta fi muni ta wannan fuskar, domin ita busasshiyar dusa take so, sai ɗan karas ko dankali don laima, kuma takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta isa kwasa. Kamfanin Ÿnsect na Faransa, wanda ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli don kiwonta da ragowar hatsi, ya faɗa matsalar bashi har gaban kotu a 2024, domin kayansa sun kasa yin takara da waken suya da garin kifi a farashi. Idan su da ke da wannan jari ba su sha ba, matashin da ya karɓi rancen naira dubu ɗari biyu ya je yana sayen dusa buhu-buhu ba zai sha ba.

Ribar tana can inda babu mai takara da kai: jiƙaƙƙen abu mai saurin lalacewa, wanda dabba ba ta iya cinyewa kafin ya ruɓe. Ka je kasuwar Kwanar Gafan a jihar Kano lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya yi yawa, ka ga kwandunan da ake juyewa a gefen titi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na tumatirin Najeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Ka shiga kasuwar 'Yankaba da yamma ka ga tarin ganyen kabeji da latas da ruɓaɓɓen karas, ko 'Yan Lemo a lokacin mangwaro da kankana. Ga dusar awara a unguwanni, wadda masu kiwo kan saya amma kwana ɗaya ko biyu ta yi tsami. Ga tatacciyar dusar kamu daga masu koko, ga ɓawon dankali, ga abin da ake zubarwa daga tumbin shanu a mayanka kowace safiya. A kudu da tsakiyar ƙasa ga ɓawon rogo, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo. Waɗannan su ne hakkin tsutsa. Yanzu haka toshe magudanan ruwa suke yi, suna tara ƙudan gida.

Sai dai ba a kwaso a juye kawai. Tsutsar ƙudan soja tana son abinci mai laima kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Gwajin hannu ya isa: ka damƙi abincin ka matse, ɗigo biyu ko uku su fito ta tsakanin yatsu, dunƙulen kuma ya tsaya. Idan ruwa ya tsiyayo kamar an matse soso, ya yi yawa. Tumatir kuwa kusan kashi 94 ruwa ne. Idan za a gyara kilo 10 na tumatir da busasshen abu, sai an nemo kilo 3 zuwa 4, kuma nan ne dusar da aka kora ta ƙofa take dawowa ta taga. Maganin shi ne a fara rage ruwan kafin a nemi abin tsotse shi: a niƙa ko a daka, a zuba a buhu, a rataye ko a danne da dutse ya kwana yana tsiyaya. Abin da ya rage sai a haɗa shi da sharar injin niƙa, da tsakin hatsin da ƙwari suka riga suka cinye, da ɗan buntun shinkafa.

Ga misalin haɗin kilo 15 da za a iya farawa da shi: kilo 8 na dakakken kayan lambu da 'ya'yan itace, kilo 4 na dusar awara, kilo 2 na sharar injin niƙa, kilo 1 na buntu. Laimarsa tana faɗowa wajen kashi 70. Dusar awara ce ke riƙe da furotin a wannan haɗin, kuma ba a wasa da ita, domin kayan marmari zalla sukari ne da ruwa. Tsutsar da aka ciyar da su kaɗai takan yi kitse amma ta daɗe ba ta girma ba. Ɓawon rogo shi ma furotin ɗinsa bai fi kashi 5 ba, ga guba a ɗanyensa, don haka sai an shanya shi ko an tsima shi kwana uku zuwa biyar, sannan a haɗa shi da wani abu mai furotin. Ɓawon lemo yana da man da ke rage wa tsutsa ci, kaɗan ake sawa. Ragowar abinci mai gishiri da yawa ma haka.

Buntu ba abinci ba ne, wannan a riƙe shi da kyau. Yawancinsa ƙaiƙayi ne mai tauri da tsutsa ba ta iya narkarwa, haka totuwar masara, haka karan dawa da ɓawon gyaɗa. Aikinsa kawai ya tsotse ruwa ya buɗe wa iska hanya. Wanda ya ga tulin buntu a bayan injin casar shinkafa ya ɗauka ya sami abincin banza, bayan mako uku zai tarar da tsutsotsi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, sun yi baƙi kafin su yi nauyi.

Akwai wata dabara da ta dace da yanayin kasuwanninmu, inda kaya ke yin yawa wata biyu sannan su ɓace. Idan aka cika durom da dakakken kayan lambu aka danna sosai aka rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba, zai yi tsami maimakon ya ruɓe, kuma yakan ajiyu makonni. Tsutsar ƙudan soja ba ta ƙin tsami. Tsimin yana tausasa abincin, yana kuma hana ƙudan gida samun wurin zuba ƙwai.

Ma'aunin da cibiyar binciken ruwa da tsafta ta Eawag a Suwizalan ta fitar daga aikinta a Indonesiya shi ne mafi sauƙin bi. Akwatin roba mai faɗin santimita 40 da tsawon 60, tsutsa 10,000 'yan kwana biyar, abinci kilo 15 cikin kwana 12, a raba shi kashi uku: rana ta 1, ta 5 da ta 8. Kaurin abincin a akwati kada ya wuce santimita 5 a zubi guda. A irin wannan tsari tan guda na jiƙaƙƙen abinci yakan ba da ɗanyar tsutsa har kilo 200, idan an busar kuma ta koma kusan kashi ɗaya bisa uku. Ba wanda ke ƙirga tsutsa 10,000 da hannu. A ƙirga 200 a auna a ƙaramin sikeli, a ninka. Giram guda na ƙwai yana ɗauke da dubu 30 zuwa 40, mace guda tana zuba 500 zuwa 900, suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 4.

Yawancin asarar da ake yi daga hannu mai yawa take zuwa. Mai kiwo ya ga ƙananan tsutsotsi ya tausaya, ya juye musu kilo 15 a rana guda. Ƙasan akwatin ya rasa iska, ya yi baƙi, wari ya tashi, tsutsotsin su bi bango su gudu cikin dare. Idan warin zarni ne ke hawa hanci, furotin ya yi yawa ko laima ta yi yawa, sai a barbaɗa busasshen abu a juya. Idan saman ya yi ɓawo mai tauri, iska ta busar da shi, a yayyafa ruwa a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Idan ka ga siraran tsutsotsi farare masu kaifin kai da saurin motsi, na ƙudan gida ne. Ƙwansa bai cika kwana guda ba yake ƙyanƙyashewa, don haka shi ke riga shiga duk abincin da aka bari a buɗe. Wannan ne dalilin da ake renon 'yan jarirai kwana biyar a ƙaramin mazubi rufe da raga, da abinci mai laushi. A nan kam dusa ta halatta, domin 'yar kaɗan ce. Tururuwa da cinnaka ana tare su da gwangwanin ruwa a ƙafafun tebur, ƙadangare da ɓera kuma sai raga ta waya.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗin. Tsutsar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 27 da 30, kuma ita kanta tana haifar da zafi idan tana ci, har cikin akwatin ya fi waje da digiri da yawa. A Kano ko Sakkwato ko Zinder a watan Afrilu, inda inuwa ma takan kai digiri 40, ɗakin kwano kabari ne gare ta. Rumfar zana ko ɗakin ƙasa mai tagogi ake nema, a rage yawan tsutsa a akwati, a rage kaurin abinci, a bar tazara tsakanin akwatunan da aka jera. Hunturu kuma ta wani gefen yake kamawa. Sanyin dare yana rage musu ci, kwana 12 ya koma 20 ko fiye. Abin da ya fi wannan shi ne bushewar iska: ƙwai yana bushewa bai ƙyanƙyashe ba, iyayen kuma suna mutuwa da wuri. Su manyan ƙudajen kusan mako guda suke yi a duniya, ruwa kawai suke sha, kuma ba sa barbara sai da haske mai ƙarfi irin na rana. Kejinsu na gidan sauro yana bukatar ranar safe, da kwanon ruwa da tsumma a ciki, da jiƙaƙƙun buhuna a jikin raga. Ba a kan abinci suke zuba ƙwai ba, a tsaga suke zubawa kusa da shi. Guntayen kwali ko siraran katakai da aka ɗaure da roba, a ɗora a saman ɗan abinci mai tsami, su ne wurin. Duk wanda ke son gwada wannan sana'a a Arewa, a keji zai ci ko ya faɗi, domin idan ƙwai ya yanke, sharar kasuwa ba ta da amfani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa nake ganin maganar ta wuce ta mai kiwo shi kaɗai. Abin da tsutsa ta ci yana biyo ta zuwa cikin kaza, daga kaza zuwa ƙwan da za a soya wa yaro. Ba kowace guba ce ke taruwa a jikinta ba. Binciken da aka yi a jami'ar Wageningen ta Holan ya nuna cewa gubar fumfuna, wadda ke addabar masara da gyaɗarmu, ba ta taruwa a jikin tsutsar ƙudan soja. Wannan albishir ne. Amma ƙarafa masu guba, musamman kadmiyom da dalma, suna taruwa, har su fi yadda suke a abincin. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Sharar da aka kwaso daga juji inda aka zubar da batura da fenti, ko ganyen da aka shayar da ruwan da ya fito daga majemu da masana'antu, ba abincin tsutsa ba ne ko da kyauta ne.

Sai maganin ƙwari. Tsutsa ƙwaro ce, abin da aka yi don kashe ƙwaro zai kashe ta. Waken da aka adana da piya-piya, tsakin masarar da aka barbaɗa wa hoda a rumbu, tumatir da kabejin da aka yi wa feshi ana gobe tsinka, kowannensu zai iya share akwati cikin dare, wanda kuma bai kashe ba ya bar saura. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda irin wannan magani. Kariya mai arha ita ce gwaji: duk sabon abincin da aka samo, a zuba cikin tafin hannu a kofi, a sa tsutsa 50, a jira kwana biyu. Idan sun sandare ko sun ƙi ci, kada buhun ya shiga ɗaki.

Kashin kaji da na shanu tsutsa tana cinsu, tana kuma rage warinsu da yawansu. A Turai an hana ciyar da ƙwarin kiwo da kashin dabbobi da ragowar abincin gidajen cin abinci, duk da sun yarda a sa furotin ɗin ƙwari a abincin kifi tun 2017, a na kaji da aladu kuma tun 2021. Ba sai mun kwafi dokarsu baƙi da baƙi ba, domin su suna da inda za su kai shararsu, mu ba mu da shi. Amma ra'ayina a nan ba ya rawa: tsutsar da mutum zai ci da bakinsa, tsaftataccen ragowar tsirrai kawai za ta ci, irin su guntayen bishiyar manja da sauran raken da aka matse a wurin yin mazarƙwaila. Tsutsar da aka raina da kashin kaji kada ta koma bakin kaji, domin zagaye ake buɗe wa cuta da ragowar magungunan da aka ba su. Bayan gidan mutum kuwa babu shi a lissafin abinci ko ta wace hanya. Kuma kowace tsutsa, ko ta dabba ce, a tankaɗe ta da rariya, a wanke, a tsoma a tafasasshen ruwa na 'yan mintuna, sannan a busar har ta riƙa karyewa a hannu. Shanya kai tsaye ba tare da tafasawa ba yana barin ƙwayoyin cuta. Mai rashin jituwa da jatan lande ya yi hattara da cin ƙwari, domin jiki yakan ɗauke su abu guda.

Mai saye a garuruwanmu zai tambayi hukunci kafin ya tambayi farashi, kuma yana da gaskiya. Halaccin fara ya zo a hadisi. Maganar dabbar da ta saba cin ƙazanta, wadda malaman fiƙihu ke kira jallala, ita ma sananniya ce, kuma mazhabobi sun yi bayani a kanta. Majalisar Malamai ta Indonesiya ta ba da fatawa a 2019 cewa cin tsutsar ƙudan soja bai halatta ga mutum ba, amma kiwonta don ciyar da dabbobi ya halatta. Mu mabiya Malikiyya ne galibi, malamanmu su ya kamata su zauna su duba, a kai su ɗakin kiwo su ga abin da ake zubawa da idonsu. Mai kiwon da zai iya nuna cewa kabeji da dusar awara tsutsarsa ta ci ya riga ya sauƙaƙa wa malami da mai saye aiki.

Kenya da Uganda sun fitar da ƙa'idojin ingancin busassun ƙwari na abincin dabbobi tun 2017, da taimakon icipe, cibiyar binciken ƙwari ta Nairobi. Abin da nake nema daga NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 shi ne takarda gajera, da Hausa, mai cewa ga abin da za a ciyar da tsutsar mutane, ga na tsutsar dabbobi, ga wanda aka hana. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika da ta binciken noma ta INRAN a Nijar su gwada haɗe-haɗen abincin da ke hannunmu wata bayan wata, su kuma tabbatar wa mai kaji adadin da zai sa, domin abin da aka fi gani shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abincin kajin nama. Idan aka zarce da yawa, taurin fatar tsutsar yana rage narkewa. Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwon kaji, don haka ko wannan ɗan kason ba ƙarami ba ne.

Ƙananan hukumomi da shugabannin kasuwa su ne ke riƙe da mabuɗin gaske, ba sai sun kashe kuɗi mai yawa ba. Jiƙaƙƙen shara yawanci ruwa ne, wanda ya ɗauki hayar mota ya kai shi kilomita 20 kuɗin jigilar ruwa ya biya. Ɗakin kiwo dole ya kasance inda baro ko kura za su isa daga kasuwa. A ware fili a bayan kasuwar kayan gwari da bayan mayanka, a ajiye durom biyu a kowane layi, ɗaya na ganye da ɓawo, ɗaya na leda da sauran tarkace, domin tsince leda da gilashi daga sharar da ta riga ta cakuɗe shi ne aikin da ke cinye ribar. Abin da ya rage a akwati bayan an tankaɗe tsutsa taki ne mai kyau, sai dai ɗanye ne, yana ƙone shuka idan aka zuba nan take. A tara shi a inuwa, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa na makonni kaɗan har zafinsa ya sauka, sannan masu kwandunan da suka kawo tumatir su koma da shi fadama.